Hoton Inna a Gaban Buhunan Aro

Zuwa ga Malam Nazifi,
Shugaban kamfanin zane da ɗab'i da ya yi wa ƙungiyarmu tambari,
Birnin Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yara. Yaya jikin Hajiya mahaifiyarka? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya aiki, yaya ma'aikatanka, yaya kuma haƙuri da wannan zamani da muka tsinci kanmu a ciki? Mu nan Batsari muna nan, sai godiyar Allah.

Saboda masu karatu da ba su san mu ba, bari in faɗi ko ni wace ce. Sunana Hindatu, tsohuwar malamar firamare. A Safana aka fara tura ni aiki ina yarinya, kuma a can na koyar da kai a aji uku. Yanzu na yi ritaya, ina zaune a Batsari, ni ce kuma sakatariyar wata ƙaramar ƙungiyar mata mai suna Albarkar Ƙasa. Mu ashirin da uku ne. Mafi yawanmu matan da rashin tsaro ya raba da gidajensu ne, daga Yasore da Darini da Zakka da wasu ƙauyukan da ke kewaye. Sana'armu matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli.

Ban kira sunan kamfaninka ba, kuma ba zan kira ba, domin ba tozarta ka nake so in yi ba. Ran da muka yi waya na ce maka zan rubuta wannan takarda a fili, ka ce, "Malama, ki rubuta, kada ki rage komai." To, ga ta nan, ban rage ba. Na zaɓi in yi ta a fili ne saboda abin da ya same mu a fili ya faru, idon jama'a ya gani. Sannan ƙungiyoyin mata biyu daga Safana sun tambaye ni wanda ya yi mana tambari, na kuma turo su wurinka. Ina so su zo da idonsu a buɗe, kai ma ka karɓe su da naka a buɗe.

Ka tuna yadda muka fara. Mun yi kusan shekara muna ƙulla ƙuli-ƙuli a farar leda muna kaiwa kasuwa da tasha. Wani mai kanti a Katsina ya ɗanɗana, ya ce ya fi duk wanda yake sayarwa, amma ba zai ajiye kayan da ba su da suna a kantinsa ba. Muna dawowa a mota nake ta tunanin wa zai yi mana wannan aiki, sai na tuna da yaron nan da na sha ƙwace wa littafin lissafi saboda ya cika bayansa da zanen awaki da motoci. Na nemi labarinka, aka ce ai ka buɗe kamfani. Ran da na shigo ofishinka, ka taso daga kujera ka durƙusa har ƙasa a gaban ma'aikatanka ka gaishe ni. Ka sa aka kawo mani fura mai sanyi. Da muka zo maganar kuɗi, ka ƙi karɓar abin da kake karɓa a wurin kowa. Ban manta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ina so duk mai karanta abin da zai biyo baya ya riƙe su a ransa.

Na farko: takardar yarjejeniya.

Bayan ƙaramar salla kuka zo Batsari, kai da mai ɗaukar hotonku. Kun iso da hantsi, kuka ga wurin aikinmu, kuka ci abinci, aka yi hotuna. Ana kiran la'asar direbanku ya fara duban agogo, kuma yana da gaskiya, domin babu mai son yamma ta same shi a kan wannan hanya. A lokacin ne ka ciro takarda daga jaka, shafi shida da Turanci, rubutun ƙanana. Ka ce, "Malama, ki karanta kafin ki sa hannu." Ni kuma na ce, "Tsakanina da kai har sai an yi takarda?" Na ɗora ta a kan gaban mota na sa hannu, tabarauna ma yana cikin gida.

Wannan laifina ne, kuma na amsa shi. Ni da na shekara talatin da biyar ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su ba da amsa, ni ce na sa hannu a abin da ban karanta ba. Amma ɗana, ka duba ɗaya ɓangaren. Wannan sa hannu nawa ya ɗaure mata ashirin da uku. A cikinsu, uku ne kawai suke karanta boko, kuma babu mai jin Turanci sai ni. Ko da na karanta a tsaye a bakin mota, direba yana matsa hon, da wuya in gane abin da kowace gaɓa za ta haifar. Takardar tana cikin jakarka tun safe. Da ka fito da ita lokacin da muke zaune a tabarma, ka fassara mana ita da bakinka, da ba mu ɗauki rabin awa ba. Na fi zaton kunya ce ta hana ka, kada a ce ka zo wurin malamarka da sharuɗɗa. Ni ma kunyar ce ta sa na ƙi karantawa, kada a ce ban yarda da ɗana ba. Kowannenmu ya girmama ɗan'uwansa, aka bar matan da abin ya shafa ba su san abin da aka ƙulla a kansu ba.

Na biyu: wahalar da muka ba ku.

Ba zan tsallake wannan ba, don kada a ɗauka ku kaɗai ne da laifi. Fiddausi, wadda ta zana mana tambarin, ta sha wuya a hannunmu. Ta turo zane na farko, kwanson gyaɗa a buɗe da launin ƙasa-ƙasa, mai kyau ƙwarai. Muka zauna taro. Matan Darini suka ce kore suke so. Wata ta ce a saka turmi da taɓarya. Wata ta ce turmi zai sa a ɗauka daddawa muke sayarwa. Ma'ajiyarmu ta karɓi lambar Fiddausi ta kira ta da kanta ta ce a mayar da shi ja, ni ban sani ba, washegari ni kuma na kira na ce kore. Da na ƙirga daga baya, sau tara muka sa yarinyar nan ta sake zane, kuma a ƙarshe wanda ta fara turowa muka koma muka ɗauka. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga mana murya ba.

Daga baya, da na zauna na karanta takardar nan da tabarau, sai na ga ashe gyara biyu kawai aka rubuta. Ka hana ta gaya mana, saboda ni. Na gode da karamcin, amma da ka faɗa da ya fi. Mu ba mu san yadda aikinku yake ba. Mun ɗauka canza launi kamar sauya ɗankwali ne. Da an ce mana gyara biyu ne, kuma ta bakin mutum ɗaya, da mun yi gardamarmu mun gama a tsakar gida kafin mu ɗaga waya. Ka ba ta haƙuri a madadinmu.

Na uku: shirun da aka ɗauka yarda ce.

A takardar akwai inda aka ce idan kun turo samfuri na ƙarshe, kwana uku suka wuce ba mu amsa ba, to mun amince. Na san dalilin wannan sharaɗi. Akwai masu sa ku aiki su ɓace, su bar ku da injin yana jira. Sai dai kun turo namu ne a daidai lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya. Duk Katsina an san da wannan, a rediyo ma an faɗa. A kwanakin nan, wanda yake son ya gaya wa ɗan'uwansa an yi rasuwa, sai ya shiga mota ya je. Saƙonku bai iso ba, kwana uku suka cika, aka buga.

Da kwalayen sitika suka iso ta hannun direban tasha, mata suka taru ana ta guɗa. Na buɗe na duba, sai na ga an rubuta "Albarkar Kasa" da "Kuli-kuli", babu lanƙwasa ko ɗaya. Nazifi! Ni da na tsayar da ku a gaban allo kuna maimaita baki da baƙi, kafa da ƙafa, har muryarku ta dishe? Na san injin bugawar ne bai gane haruffan ba, kuma na san mutane da yawa ba su damu ba. Amma ranar kasuwa ta farko wani mahauci ya ɗaga leda ya ce da ƙarfi, "Wace albarka ce a jikin kasa, macijiyar da ba ta sara a tashi?" Aka yi ta dariya har da mu. Muka koma gida muka sayi alƙaluma baƙaƙe guda shida, muka yi yini biyu a zaune muna yi wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Matan da ba su taɓa riƙe biro ba sun koyi rubuta Ƙ a wannan zama. Wannan kam ban ji haushinsa sosai ba, har yanzu idan muka tuna dariya muke yi. Na kawo shi ne don ka ga cewa sharaɗin da yake daidai a birni, idan ya iso nan yana iya zama zalunci ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Na huɗu, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa: hoton Inna.

Zan kira ta Inna kawai, kuma ba zan faɗi ko daga wane ƙauye take ba. Kai ka san dalili yanzu. Ita ce babbarmu a shekaru, ita ce kuma ta fi kowa iya murza tunkuza har mai ya fito tas. Mijinta ya rasu kafin a fara wannan masifa. Da aka tashe su, ita ta taho Batsari wurin ƙanwarta, babban ɗanta kuma, wanda zan kira Lawal, ya ƙi barin gona. Ya zauna a ƙauye da matarsa da 'ya'yansa huɗu, yana noma cikin lallaɓawa kamar yadda sauran waɗanda suka rage suke yi.

Ran da kuka zo, mai hotonku ya duba ɗakin ajiyarmu ya ga buhu ɗaya da rabi na gyaɗa, abin da muke da shi ke nan. Ya ce hoton ba zai yi kyau ba. Ya leƙa sito na maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa mai tara hatsi, ya ga buhuna jere har rufi. Ya roƙe shi aron wurin na minti goma. Aka ɗauko Inna, aka ara mata mayafin ma'ajiyarmu mai ado, aka zaunar da ita a gaban buhunan da tire na ƙuli-ƙuli a cinya. Aka ce ta yi dariya. Ta yi, domin abin ya ba ta dariya da gaske, ita da ko tiya goma ba ta mallaka ba. Ina tsaye a wurin. Na tambaya ko hoton na mene ne, aka ce don a duba a yi zane. Ban ƙara tambaya ba.

Ashe tun kafin a katse layuka kun ɗora shi a shafinku na sada zumunta, kuna nuna irin ayyukan da kuke yi. A ƙarƙashinsa kuka rubuta cikakken sunanta, da sunan ƙauyensu, da cewa ga matan karkara da suka tashi daga gudun hijira suka zama masu arziki. Na san da kyakkyawar niyya kuka rubuta. Kun so ku ɗaga mu ne. Mutane suka so hoton, suka sauke shi a wayoyinsu, ya riƙa tafiya daga waya zuwa waya ko da babu sabis, har ya isa inda ba mu taɓa tunani ba.

Gero ya nuna, saura kwanaki a fara girbi, Lawal yana gona da rana tsaka sai ga mutum biyu a kan babur ɗaya, daga cikin mutanen daji. Ɗayan ya miƙo mashi waya ya ce, "Wannan ba tsohuwarka ba ce?" Ya ce ita ce. Ya ce, "Ashe kun yi arziki kuna ɓoyewa." Lawal ya rantse masu cewa buhunan ba nata ba ne. Suka ce hoto ba ya ƙarya, kuma za su dawo bayan Juma'a su ji abin da ya tanadar masu. Bai koma ya ɗauki ko fartanyarsa ba. Kafin la'asar ya kwashi matarsa da yara suka bi ta ƙafa har inda suka sami mota zuwa Safana. Geron da ya yi wata uku yana wahala a kansa, a tsaye ya bar shi. Wani ɗan'uwansu ya samu ya yanko ɗan abin da ya iya, sauran dabbobi da tsuntsaye suka cinye.

A daren wani da ya zo daga Safana ya kawo wa Inna labari, washegari da sassafe ta yi sallama a gidana, ita da ƙanwarta. Ba ta zauna ba, ba ta kuma tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ban taɓa gani daga gare ta ba. Ta ce, "Malama, wai mi na yi ma yaron nan naki?" Ban gane ba, sai da ƙanwarta ta nuna mani hoton a wayar jikanta, ta gaya mani abin da ya sami Lawal. Na zauna a bakin rijiya. Ni na kawo ku. Ni na ce mata ta zauna a yi hoton. Ni na sa hannu.

Babu halin waya, don haka na shiga motar farko zuwa Katsina. Ka tuna yadda na same ka. Na gaya maka a tsaye, ina kallon fuskarka tana canzawa. A gabana ka goge hoton. Ka ce, "Malama, wallahi ban yi tunanin wannan ba." Na yarda da kai a lokacin, kuma har yanzu na yarda. Ka biyo ni Batsari a satin, ka durƙusa a gaban Inna ka ba ta haƙuri, ka kuma aika wa Lawal da hatsi ba tare da kowa ya roƙe ka ba. Allah ya saka maka. Sai dai hoton da ka goge a shafinka yana nan a wayoyin mutane, kuma Lawal bai koma ƙauye ba har yau. Yana Safana, yana noma wata 'yar gona ta aro a bayan gari, da rani kuma yana dako a kasuwa. Mutumin da yake cika rumbu biyu.

Da na dawo na karanta takardar a tsanake, na sami gaɓar a shafi na biyar. Layi biyu ne: kamfani yana da ikon amfani da hotuna da zane-zanen aikin wajen tallata kansa. Ke nan a takarda ba ku yi laifi ba. Inna kuwa ba ta san da shafi na biyar ba, ba a tambaye ta ba, kuma ba ita ta sa hannu ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma watan jiya na shigo Katsina tantance 'yan fansho, na ce bari in biya in gaishe ka. Tun daga bakin titi na hango Inna, a jikin wani babban ƙyallen talla da aka rataya a gaban ofishinku, tana dariya a gaban buhunan nan, sunan ƙauyen yana ƙasa. Kai ka yi tafiya Kano. Na shiga na sami wani sabon ma'aikaci, na roƙe shi ya sauke. Ya amsa mani da ladabi, ba zan yi mashi ƙarya ba. Ya ce a sito ya ga ƙyallen, tun tuni aka buga shi, ya ga yana da kyau ya rataya. Ya duba fayil ɗinmu a gabana ya ce, "Hajiya, ai yana cikin yarjejeniya." Na ari wayarsa na kira ka, ka sa aka sauke nan take, ka yi ta ba ni haƙuri. Amma kwana goma sha ɗaya ƙyallen ya yi a rataye, a kan titin da motocin Batsari da Safana suke bi.

Ban ga laifin wannan ma'aikaci ba. Abin da ya gani a rubuce ya bi. Alƙawarin da ka yi wa Inna a cikin zuciyarka yake, shi kuma ba ya iya karanta zuciyarka. A ranar na gane cewa ƙaunar da ke tsakaninmu ba ta isa ta tsare matan nan ba, domin ba kullum kake ofis ba, ni ma ba kullum zan kasance a raye ba. Takardar da na raina a kan gaban mota, ita ce take magana idan ba ma nan.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba don mu kaɗai ba.

Ka mayar da takardar yarjejeniyarku Hausa, a taƙaice, da rubutu manya. Idan aikin na ƙungiya ne, a karanta ta da baki a gaban kowa, a farkon zama, ba lokacin da direba ya tayar da mota ba. Wanda ya ce maka tsakaninku babu takarda, ko malamarka ce, ko mahaifiyarka, ka ce mata akwai, ka zaunar da ita.

Maganar hoto a cire ta daga cikin sauran sharuɗɗa, ta zama tambaya mai zaman kanta. A tambayi mai fuskar da kanta, ba sakatariya ba. A gaya mata inda za a saka, da waɗanda za su iya gani. Idan ta ce a'a, a bar shi, kuma kada hakan ya taɓa aikin. Ga mutanen yankinmu, ko ta yarda kada a rubuta sunan ƙauye, kada a nuna rumbu ko sito ko dabbobi. Kuma don Allah a daina aron dukiya don hoto ya yi kyau. Buhu ɗaya da rabi muke da shi, da shi ya kamata a nuna, ko a bar mu da tirenmu kawai.

Shiru kada ya zama yarda. Idan ba ku ji mu ba, ku ba direban tasha samfurin a takarda, zai kawo mana, mu sa hannu a jikinsa mu mayar. Zai ƙara kwana biyu, mun yarda da jinkirin. A duba lanƙwasa a kan samfurin da ya fito daga injin, ba wanda ke cikin kwamfuta ba.

Mu ma ga namu alƙawarin, kuma mun tattauna shi a taro kowa ta amince. Mutum ɗaya ce za ta riƙa magana da ku. Gyara biyu ne, na uku mu biya. Ba za mu kira ma'aikatanku a lokacin da suka tashi daga aiki ba. Abin da muka ce mun amince da shi, ba za mu dawo mu ce ba haka ba.

Sai na ƙarshe. A rubuta a fayil ɗinmu, da hannunka, cewa an soke shafi na biyar. A nemo duk inda hoton nan ya rage, a kwamfuta ko a sito, a kawar da shi. Sannan ka rubuta a shafinku, ba tare da suna ko hoto ba, cewa buhunan da aka taɓa gani a bayan wata dattijuwa daga yankinmu na aro ne, ba nata ba. Ban sani ba ko zai isa kunnen da ya kamata. Amma ni ma ina faɗa a nan da babbar murya, ga duk wanda ya taɓa ganin hoton: ko buhu ɗaya a ciki ba nata ba ne, mayafin ma na aro ne.

Kada ka ɗauka mun juya maka baya. Kayanmu yanzu suna kantuna huɗu a Katsina, kuma tambarin da kuka yi mana ne ya shigar da su. Muna so mu fara zuba mai a kwalba, muna kuma buƙatar sabuwar sitika. Da aka kawo maganar a taro, wata ta ce a nemi wani kamfani. Inna ce ta hana. Ta ce wanda ya taka har ɗakinta ya durƙusa, ya fi wanda ba ta sani ba.

Da na gaya mata zan rubuta maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Tana juya ƙuli a cikin mai, ta ce in gaishe ka, in ce ta yafe tun ran da ka zo. Ta ce kuma kafin ku goge hoton gaba ɗaya, tana da buƙata guda. A yanke buhunan, a yanke rubutun, a bar fuskarta kawai, a wanke mata ƙwaya ɗaya ɗan ƙarami. Ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa yi mata hoto tana dariya ba, na katin zaɓe kuwa ko ita ba ta gane kanta a ciki. Tana so ta ba Lawal ya ajiye wa yara. Ka kawo mata shi da hannunka idan za ka zo da sabuwar takardar. Ka zo da hantsi, za mu shimfiɗa tabarma, ni kuma zan sa tabarauna.

Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya buɗa kasuwarka, ya tsare ka daga cutar da wani da saninka ko ba da saninka ba. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya maka zuri'a, ya saka wa Fiddausi da sauran ma'aikatanka da alheri. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da Lawal da ire-irensa gonakinsu lafiya. Amin.

Wassalam.

Malamarka,
Hindatu,
Sakatariyar ƙungiyar mata ta Albarkar Ƙasa,
Batsari.